Amanar makulli da amanar jari: lissafin wata motar tumatir a Mile 12

Shekara shida ina riƙe da littafin wata rumfar 'yan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Aikin malamin rumfa bai wuce ya rubuta kwando nawa aka sauke, na wane ne, wa ya ɗauka, wa ya biya, wa ya ce sai yamma. Motocin da suka bi ta alƙalamina ba sa ƙirguwa, amma akwai wata motar daf da ta taso daga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a jihar Kano a mako na biyu na Fabrairun 2023, wadda har yau in na buɗe shafinta sai na daɗe ina kallo. Mun sha yin asarar da ta fi tata. Abin da ya ware ta shi ne ɓangare huɗu ke da kaya a cikinta, rana ɗaya ta doke su, ruɓa ɗaya suka yi, amma da aka gama kasafi wani ya karkaɗe rigarsa ya wuce, wani ya ɗan yi ɗingishi, wasu suka ƙara nutsewa a bashi, ɗaya kuma ya koma inda ya faro shekara goma sha ɗaya baya.

Ba zan kama sunan kowa ba. Maigidanmu Alhaji zan ce masa, kamar yadda kowa ke ce masa.

Wanda bai san harkar ba sai ya ɗauka Alhaji babban manomi ne ko mai motoci. Ko kunya ɗaya ba ya nomawa, kuma yawancin kayan da ke sauka a gabansa na mutane ne. Shi maigida ne. Mai kaya daga Kura ko Danja ko Hunkuyi zai yi lodi ya turo masa, shi ya sauke, ya nemo masu saye, ya yi ciniki, ya tattara kuɗi, ya cire la'adarsa ya aika da saura. In mai kayan ya biyo mota, wurinsa zai sauka, ya ci ya kwana, ba mai ce masa kawo. Tafiyar ta haura kilomita 1,000: Zariya, Kaduna, a gangara Mokwa a tsallake gadar Jebba, Ilorin, Ogbomosho, Ibadan, sannan Ikko. Duk wannan uwar tafiya, shaidar kayan miliyoyin naira ita ce fallen takarda da aka yago daga littafin 'yan makaranta aka ɗauki hotonsa aka turo ta WhatsApp, sai alamar fenti ko guntun atamfa da kowa ya ɗaura a bakin kwandonsa.

Jijiyar aikin kuwa lamuni ne. Masu sayen namu yawanci matan Yarabawa ne 'yan sari, masu kwasa su kai Oyingbo, Mushin, Oshodi, Ikorodu da Ajah. Da wuya su biya nan take. Za ta ɗauka da asuba ta kawo kuɗi da yamma, ko jibi. Manomin Kura bai san ta ba, ba ya jin yarenta, ko unguwarsu ba zai iya kai kansa ba. Alhaji ya san ta, ya san mijinta, ya san matar da ta fara kawo ta kasuwa. In ta cinye kuɗin, daga aljihunsa zai biya mai kaya. La'adar da yake karɓa ladan wannan tsayawar ce, kuma ni dai ban taɓa ganin ta a matsayin cin gumin wani ba.

Tsarin ya girmi kasuwar kanta. Hausawa sun daɗe a Ikko, amma da layin dogo ya isa Kano a 1911 sai fataucin goro da shanu ya ƙara bunƙasa, zanguna irin na Agege suka cika da masu gida da baƙinsu. Wani manazarci, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda masu gida ke ba mahautan Yarabawa shanu bashi su tsaya wa mai dabba, littafin ya fito a 1969. Ranar da wani ɗalibi ya warware min abin da ke ciki, rumfarmu na gani sak, in ka cire wayar salula.

Kaso mafi tsoka a motar na ɗan ƙanwar Alhaji ne. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya gama difloma ya yi zaman gida har uwarsa ta gaji ta turo shi wurin yayanta. Shekararsa ta biyu ke nan a kasuwa. Jarin da yake juyawa na kawunsa ne, ba a yanka masa ranar dawo da shi ba. In an ci riba a raba, in an faɗi kuma "sai mu gani".

Na biyu wani dattijon falke ne, abokin Alhaji tun zamanin da ƙanin mahaifin Alhaji ke riƙe da rumfar. Sun haɗa surukuta.

Na uku manoma tara ne daga wani ƙauye a yankin Kadawa, suka haɗa kwandunansu don su cika gurbi. Tun watan Oktoba Alhaji ya aika musu da kuɗin iri da taki da maganin feshi da man injin ban-ruwa. Bai ɗora musu ko kwabo a kai ba. Sharaɗin guda ne: duk abin da gona ta bayar, rumfarsa zai zo.

Na huɗu shi ne babban yaron rumfarmu, wani Bazazzagi da ya zo ci-rani a 2012. Da dako ya fara, gammo a ka, daga bakin mota zuwa bakin titi. Daga nan aka ɗauke shi tsince ruɓaɓɓe, aka matsar da shi gadin kaya, har ya zama shi ke riƙe da makullin sito da jakar ciniki. In ya ɗaga tumatir ɗaya ya matsa da babban yatsa zai faɗa maka kwana nawa da tsinkarsa. Wannan motar ita ce karon farko da ya sa kayan kansa, kwando talatin. Kuɗin adashi ne, ya roƙi uban adashi aka ba shi kwasar farko, ya ɗaura wa kwandunansa guntun koren ƙyalle.

Kowa ya tuna wane irin wata ne Fabrairun 2023. Babban Bankin Nijeriya ya sanar a Oktoban 2022 zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin suka fara fita a tsakiyar Disamba, aka sa wa'adin tsofaffin 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsoho ya koma banki, sabo bai wadata ba. Ita kuwa hanyar Arewa zuwa Kudu da tsabar kuɗi take tafiya: tikitin wannan ƙaramar hukuma, rasit na waccan, shingen masu kaki, mai faci, mai abinci. Direba ya taso da abin da bai kai rabin na kullum ba.

Tsakanin Mokwa da Jebba kulocin motar ya ƙone. Bakanike ya yarda a tura masa ladansa ta waya, amma mai kayan gyara a Ilorin ya ce sai ya ga alat da idonsa. Alhaji ya tura, kuɗin ya fita daga asusunsa, bai sauka can ba, ya maƙale a sama. Kwana biyu ana jiran sabis, mota na tsaye cikin ranar Neja. Abin da ya warware matsalar kiran waya ne guda. Alhaji ya samo lambar wani mai sarin doya a Mokwa da ba su taɓa haɗa ido ba, ya faɗi sunansa da sunan ƙanin mahaifinsa marigayi. Mutumin ya ce, "Ai gidanku ba baƙo ba ne, Alhaji." Ya ƙirgo tsabar kuɗi, a ranakun da mutane ke kwana a layin banki, ya aika yaro a kan babur ya kai wa direba. Ba takarda, ba shaida. Na sha ba da wannan labari in ana zagin tsarinmu, domin babu bankin da ya yi wa motar abin da wannan bawan Allah ya yi mata.

Tafiyar kwana biyu ta zama biyar. Wajen ƙarfe uku na dare ta shigo kasuwa, kafin ta gama tsayawa warin tsami ya riga ta isowa. Jan ruwa na ɗiga ta ƙasan bodi. 'Yan dako suka hau, suna miƙo kwando hannu da hannu, na sama na fitowa da ɗan kyan gani, ana gangarawa ana tarar da miya. Ina tsaye da fitilar waya ina ƙirga, Bazazzagin na gefena yana leƙen koren ƙyalle. Sai da aka kusa kankare motar sannan nasa suka fara fitowa, daga sahun ƙasa, tare da na manoman.

A nan ne na fara lura da abin da shekaru ina gani ban sa shi a lissafi ba. Kwandon kaba ake jerawa sahu-sahu, da itace a tsakani, kuma duk yadda aka yi na ƙasa shi ke ɗaukar nauyi da zafi da ruwan na sama. Wa ke yanke wanda zai hau sama? Mai lodi a Kwanar Gafan. Shi kuwa ya san kayan ɗan ƙanwar Alhaji, ya san na surukin Alhaji. Ba wanda ya umarce shi. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma ba sai uwar ta buɗe baki ba. Kuɗin mota iri ɗaya kowa ya biya a kan kwando, amma tun kafin a tayar da inji an riga an raba asarar da ba ta faru ba tukuna.

Da gari ya waye babbar mai sayenmu ta iso, wata Iya da ta haura shekara ashirin tana ɗaukar kaya a rumfar. Hausarta ta kasuwa ce, amma ba a cutar ta da ita. Ta tura hannu cikin kwando ta zaro, ta yarfe.

"Alaji, wannan ai esha ne. Wa zan kai wa?"

Esha shi ne sunan da suke ba fasasshen tumatir, wanda masu abincin sayarwa ke saye su markaɗa. Alhaji ya ce, "Iya, ki rufa min asiri, in rufa miki gobe." Ta ɗauki fiye da rabin motar a farashin da ba ya faɗuwa, shi ma bashi, domin su ma masu sayen nata ba su da tsabar da za su sayi kashin tumatir. Sauran aka yi ta rarrabawa har azahar, abin da ya rage aka biya 'yan shara suka kwashe.

Kuɗin ya riƙa shigowa a gutsure, ta waya. Asusun Alhaji na babban banki ya ƙi aiki, shi kuma dama bai saba da latse-latse ba. Wanda ke tafiya shi ne ɗan asusun manhaja da ke wayar Bazazzagin. Tun daga wannan mako har bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris, wanda ya ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, kusan duk cinikin rumfarmu ta wayar yaron nan ya bi. Miliyoyi suka kwana a hannunsa a daidai lokacin da kwandunansa talatin suka zama ruwa. Ni na bi lissafin layi-layi. Ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

Kasafin mota yana da jeri, kuma jerin shi ne komai. Kuɗin mota ake fara cirewa, kaza a kan kowane kwando kamar yadda aka yi magana a wurin lodi, ya ruɓe ko bai ruɓe ba. Sai kuɗin ƙasa da na sauke. Sai la'ada, ita ma a kan kwando take, ba ruwanta da nawa aka sayar. Sai bashin da maigida ke bin mai kaya. Abin da ya rage shi ne na mai kaya. Ka ga kenan duk wanda ke tsakiya hakkinsa a yanke yake, wanda ya yi noma ko ya sa jarinsa shi ke jiran ragowa. In kasuwa ta yi kyau ragowar na da daɗi. In ta ɓaci, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zan yi wa Alhaji adalci: ya yafe rabin la'adarsa a kan kayan manoman da na yaronsa, kuma ya hana direba ɗora musu kuɗin kuloci. Ba kowane maigida ke yin haka ba.

Ɗan ƙanwar ya yi asarar kusan sulusin abin da ya zuba. Ya zo yana sosa ƙeya, "Kawu, ka ga abin da ya faru." Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Malam, mai da shi shafina." Shi ke nan. Mako na gaba an yi masa wani lodin.

Dattijon ya ji jiki, amma masu sayar masa a Kano sun san shi shekara talatin. Suka ba shi kaya ya sayar ya kawo. Kafin azumi ya miƙe.

Manoman ragowarsu ba ta rufe ko rabin kuɗin Oktoba ba. Alhaji bai tsananta ba, ya ce a bar shi sai baɗi. Magana ce mai daɗin ji, kuma da gaske sauƙi ce. Sai dai "sai baɗi" na nufin baɗi ma rumfarmu za su kawo, ko da rumfar gaba ta fi iya ciniki, kuma in ɗayansu ya ga farashi ya yi kyau a Kwanar Gafan ya sayar da kwando biyar a ɓoye don ya kai matarsa asibiti, sunan abin cin amana. Sannan a ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Injin ban-ruwa fetur yake sha. Kuɗin da suka nema a Oktoban 2023 ya ninka na bara, a kan tsohon bashi.

Bazazzagin kuwa, bayan an cire kuɗin mota da na sauke, abin da na miƙa masa bai kai kuɗin kwando huɗu ba. Ga zubin adashi na jiran sa har wata tara, tunda kwasar farko ya yi. Bayan magariba, Alhaji na kan buzunsa yana jan carbi, ya zo ya durƙusa gefe.

"Baba, alfarma nake nema. A tsaya min ko kwando ashirin ne a mota mai zuwa, in mai da abin da ya zube."

Alhaji ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Kai ne idona a wurin nan. In ka shiga saye da sayarwa hankalinka zai rabu biyu. Yi haƙuri, lokaci na zuwa. Ba zan bar ka haka ba." Ya sa na biya masa zubi biyu, ya ƙara masa na cefane ya aika gida. Yaron ya yi godiya, ya tashi ya je ya kulle sito.

Abin ya tsaya min. Bayan kwanaki, muna mu biyu, na ce, "Alhaji, wanda ka bar wa miliyoyi a waya, kwando ashirin ne zai gagara?" Bai ji haushi ba. Ya ce, "Malam, yaron nan ya fi ɗan ƙanwata gaskiya, ya fi shi sanin tumatir, ni ma na sani. Amma wancan in ya ci kuɗina na san ɗakin da zan shiga in zauna. Uwarsa za ta sayar da sarƙarta ta biya don kar dangi su ji. Wannan in ya faɗi me zan kama? Ubansa ya rasu, gonarsu ta gado ce, su bakwai."

Amsar nan ta fi duk wani bayani da na taɓa ji. Muna cewa kasuwarmu da amana take tafiya, ba jingina. Akwai jingina, sai dai ba fili ko gida ba ce, kunya ce. Ana ba mutum jari gwargwadon yawan mutanen da za su ji kunya in ya gaza, da kuma ƙarfin aljihunsu. Mai doyan Mokwa sunan marigayi ya ba kuɗi, ba muryar da ya ji a waya ba. Sunan nan kuwa gadonsa ake yi kamar yadda ake gadon soro. Shi ya sa amana ta kasu biyu a rumfa. Akwai ta makulli: a ba ka ajiya, ka tsare, ka mayar. Wannan kowa na iya samun ta da halinsa, in ya jure shekaru. Akwai kuma ta jari: a ba ka ka juya, in ka faɗi a ɗaga ka ka sake gwadawa. Ta biyun ce ke haifar da dukiya, kuma ita halin kirki kaɗai ba ya sayo ta. Ɗan ƙanwar bai fi kowa iya kasuwa ba. An ba shi damar faɗuwa sau uku ne, yana koyo da kuɗin wani. Da damina ta kama, kayan rani suka ƙare, kwando ya yi tashin gwauron zabi kamar yadda yake yi duk Mayu da Yuni, shi ke da kuɗi a hannu. Mota biyu daga Filato suka share masa asarar Fabrairu har da ƙari.

Akwai kuma abin da Alhaji bai faɗa ba, wataƙila ko kansa bai faɗa wa ba. Amintaccen yaro ya fi tsada a wurin maigida yana yaro. In ka sallame shi ka rasa ido, ka kuma haifi abokin gasa da ya san duk masu sayenka. Gaskiyar tasa ce ta ɗaure shi a bakin sito.

Tsoron nasu ba na banza ba ne, wannan ma a faɗa. Kafin zuwana wani yaro ya taɓa yin awon gaba da cinikin mota guda. Shekaru bayan nan, duk wanda ya zo neman aiki daga garinsu ana jin sunan garin sai a ce babu gurbi, a layinmu gaba ɗaya. Mutum ɗaya ya ci, gari ya biya. Inda babu kotun da za ta karɓo maka kuɗin tumatir kafin wata shida, irin wannan horon ne ke tsare kasuwa, kuma yana faɗawa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Ina yawan kallon maƙwabtanmu Ibo na Alaba da Ladipo da Idumota. Su ma yaro suke ɗauka ya yi bauta, amma ana zama da iyayensa tun farko a yanka shekaru, biyar ko shida ko bakwai, a gaban shaidu. In wa'adi ya cika maigida ya sallame shi da jari, sau da yawa har ya haɗa shi da masu ba shi kaya. Su ma ana cuta, akan ji wanda aka laƙa wa sata ana saura wata uku a sallame shi. Amma ko banza akwai ranar da yaro ke ƙirgawa, akwai kuma abin kunya ga maigidan da ya saɓa. Mu namu "lokaci na zuwa" ne. Wani maigidan ya yi wa yaro aure, ya kai shi Makka, ya saya masa fili a gida, duk alheri ne, amma ba ko ɗaya da ke mai da shi mai rumfa.

Wani zai ce ya je banki mana. Da me? Banki takardar mallakar fili yake so, wadda a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 gwamna ke sa wa hannu, kuma Alhaji kansa ba shi da ita a Legas, abin da ya tara a Kano ya gina. Ga kuɗin ruwa: ma'aunin Babban Banki kashi 17.5 cikin ɗari ne a farkon 2023, ya kai 27.5 a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwa kuma sama da haka. Ga kuma da yawanmu ba ma taɓa bashi mai ruwa ko da an sauƙaƙa. Bankunan da ba sa karɓar ruwa sun fara tun 2012, amma su ma sai ka kawo takardu da mai tsaya maka, an dawo gidan jiya. Ƙofa ɗaya ce ta rage wa irin Bazazzagin, ita ce maigida.

Haɗin kan kasuwa ma haka yake da fuska biyu. A Maris na 2016, da rikici ya ɓarke gwamnatin Ambode ta rufe Mile 12, waɗanda suka riga ni sun ce tukunya ba ta sauka ba a gidan Alhaji, yara da dama ya ciyar har aka buɗe. In ɗan dako ya rasu, kafin la'asar an haɗa kuɗin likkafani da na aika wa iyalinsa. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa Kudu na kusan mako guda, har gwamnati ta zauna da su. Ranar kowa ya ga ƙarfin hannu da yawa. Amma manyan dillalai na da abin ci har a janye, shi kuwa manomi tumatirinsa bai san ana yajin aiki ba, a Arewa farashi ya faɗi warwas, kaya suka ruɓe a bakin gona.

In ka ɗaga kai daga rumfarmu ka dubi Lekki, za ka hango matatar man Dangote da aka gina don tace ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a Mayun 2023. Ba mai musun ƙwazon mutumin. Amma jarinsa na farko a ƙarshen shekarun 1970 rance ne daga dangin mahaifiyarsa, gidan Alhassan Dantata, wanda shi ma da fataucin goro ya fara. Ɗan ƙanwa ne shi ma, a babbar rumfa.

Bazazzagin yana nan, makullin na aljihunsa. Ya gama zubin adashinsa a ƙarshen 2023. Wata safiya Iya ta ja shi gefe bayan motar albasa. Ashe duk makonnin da take tura kuɗi wayarsa tana lura, har ta taɓa tura fiye da ƙima bisa kuskure ya bi ta bakin titi ya mayar mata. Ta ce zai iya samo mata kwando goma duk mako in ta ba da kuɗin tun kafin lodi? Ya ce zai iya. Ya haɗa da wasu yara biyar na layinmu, kowa ya kawo abin da ya samu, suna karɓar ɗan gurbi a motar wani direba ɗan garinsu. Na buɗe musu shafi a ƙarshen littafi. Alhaji ya taɓa buɗewa ya kai kansa, ya duba, ya rufe, ya tambaye ni ko motar Danja ta wuce Ilorin.

Kwandunan masu koren ƙyalle har yanzu daga ƙasa suke fitowa. Duk ranar lodi yakan kira mai lodin Kwanar Gafan su gaisa, ya tambayi iyali, ya tura masa kuɗin kati. A motar makon jiya an ɗaga masa su sahu ɗaya.